Idan Bacula ya ƙi komawa kan tsohon kaset

Bacula manhaja ce ta ajiye kwafin bayanan kwamfuta a kan kaset, kuma saƙon da ake tararwa a bconsole, tagar da ake ba ta umarni, kusan kullum iri ɗaya ne: `Cannot find any appendable volumes`, a ƙasa kuma ya ce a buga `label` a yi wa sabon kaset suna. Aikin daren ya tsaya cak, na bayansa sun yi layi suna jira, robo, wato na'urar da ke canza kaset da kanta, yana nan da kaset cike da ciki amma Bacula ya ce ba shi da inda zai rubuta. A wani biro da nake kula da na'urorinsa a unguwar Plato, nan Yamai, wannan ne ya same mu wata biyu bai cika ba da kafa tsarin.

Ga yadda wurin yake. Uwar garke ɗaya ce mai Debian, a kanta Bacula yake da kundinsa na PostgreSQL, inda yake rubuta tarihin kowane aiki da kowane kaset. Robo mai gurbi 8 ne da injin kaset ɗaya na LTO-6, wanda kowane kaset ɗinsa ke ɗaukar terabayit 2.5 in ba a matse bayanai ba. Kaset biyar na rukunin da muka sa wa suna Mako ne, biyu na rukunin Wata, gurbi na takwas na kaset ɗin goge kan inji. Cikakken kwafi yana tashi ran Asabar ƙarfe 22, daga Litinin zuwa Juma'a kuma ana ɗaukar abin da ya canza kawai, a wannan lokacin. Abin da ake so shi ne idan kaset na biyar ya ƙare, Bacula ya koma kan na farko da kansa ba tare da an sa hannu ba.

Matashin da ke riƙe da ɗakin na'urorin ya riga ya buɗe bconsole kafin in zauna. Ya ce, "Yaya, in buga `purge` a kan na farkon kawai mu wuce?" Na ce, "A'a ƙanena, bar shi tukuna, mu ga abin da kundi ya ce a kansa." Dalilina shi ne `purge` ba ya duban wa'adi ko kaɗan, wato kwanakin da aka ce a riƙe bayanan kaset kafin a sake rubutu a kansa. Yana share duk tarihin ayyukan da ke kan kaset daga kundi nan take, ko da jiya aka rubuta su. Zai sa aikin daren ya wuce, amma abin da ya hana juyawar yana nan, kuma in zagaye ya dawo sai an sake bugawa, har ranar da za a buga shi a kan kaset ɗin da ba shi ba.

Kafin a taɓa komai ya kamata a san tsarin da Bacula ke bi in yana neman wurin rubutu, domin tun da Kern Sibbald ya fara shi a 2000 an gina shi ne a kan ya riƙe bayanai iya tsawon da zai iya. Bareos, wanda ya rabu da shi a 2010, haka ya gaji wannan hali, don haka duk abin da zan faɗa ya shafe shi. Da farko yana neman kaset mai matsayin Append a cikin rukunin, wato wanda ake kan rubutu a kai. In bai samu ba sai ya nemi mai Recycle, sannan mai Purged wanda aka yarda a sake amfani da shi. Sai in duk waɗannan babu ne yake duba kaset-kaset masu Full ko Used ya ga ko akwai wanda wa'adinsa ya cika, ya cire ayyukansa daga kundi, ya mai da shi Purged. Daga nan ya leƙa rukunin Scratch, na kaset ɗin ko-ta-kwana, in akwai, a ƙarshe ya kira mutum. Wato cikar wa'adi kaɗai ba ta sa komai ya motsa. Kaset yana iya wuce wa'adinsa da wata uku yana zaune da Full, kuma ba matsala ba ce, buƙatarsa ce ba ta taso ba. Mutane da yawa suna ɓata lokaci suna neman gyaran abin da bai lalace ba a nan.

Na buga `list volumes pool=Mako`. Duka biyar ɗin suna Full, gurbin recycle yana nuna 1 a kowanne, wannan daidai ne. Amma a ƙarƙashin volretention an rubuta 31,536,000. Bacula da daƙiƙa yake ajiye wa'adi, kuma in ka raba wannan da 86,400 na yini guda za ka samu kwana 365. Na buɗe bacula-dir.conf, a rukunin Mako an rubuta `Volume Retention = 1 month` ƙarara, wanda a lissafin Bacula kwana 30 ne, daƙiƙa 2,592,000. Fayil na cewa wata ɗaya, kundi na cewa shekara.

Wannan shi ne tarkon da ya fi kama mutane, kuma ba kuskuren manhaja ba ne, haka aka tsara ta. Ranar da aka yi wa kaset suna, Bacula yana kwafe abin da rukuni ya ƙunsa a wannan ranar, wa'adi da izinin sake amfani da iyakar ayyuka da sauransu, ya rubuta a rijistar kaset ɗin ta kansa. Kamar katin asibiti ne da aka cika ranar da aka buɗe shi: ko an canza sanarwar da ke jikin bango, abin da ke cikin katin bai canza ba sai an ɗauko shi an gyara. A wurinmu an yi wa kaset-kaset ɗin suna da `label barcodes` tun ranar da aka haɗa robo, lokacin ba a rubuta layin wa'adi ba, sai suka ɗauki na asali, kwana 365. Layin wata ɗaya daga baya ya shigo, kuma sabbin kaset kaɗai zai shafa.

Gyaran mataki uku ne kuma in an tsallake ɗaya ba a yi komai ba. Ana buga `reload` don darakta, sashen Bacula da ke tsara ayyuka, ya sake karanta fayil. Ana buga `update pool=Mako` don rijistar rukunin a kundi ta dace da fayil. Sannan a buga `update`, a zaɓi sashen kaset, a cikin jerin a ɗauki `All Volumes from Pool`, a nuna Mako. Bayan haka na sake duba kaset na farko da `llist volume=`, wanda ke fito da rijistar gaba ɗaya layi-layi, na ga wa'adin ya koma 2,592,000, ranar rubutu ta ƙarshe kuma ta haura kwana 30. A takarda dai ya cancanta.

Aikin da ke jira ba ya farkawa nan take, yana sake dubawa ne lokaci-lokaci, don haka na buga `mount` don in tashe shi. Saƙon ya canza. Ya daina cewa babu kaset, ya koma cewa a saka masa kaset na farko, alhali muna ganinsa ta gilashin robo a gurbi na ɗaya. Canjin saƙo ci gaba ne, yana nufin an haye shinge ɗaya an iske na gaba. A rijistar, inchanger, gurbin da ke nuna ko kaset yana cikin robo, yana 0. An taɓa zare ma'ajin kaset ɗin don a kakkaɓe ƙura, an yi sabunta gurabu lokacin yana waje, aka mayar ba a sake gaya wa Bacula ba. Shi ba ya leƙa cikin robo da kansa, abin da kundi ya ce shi ya sani. `update slots` yana sa robo ya karanto lambobin layi-layi da ke manne a goshin kowane kaset, ya daidaita gurbi da inchanger. In kaset ba su da wannan takarda sai `update slots scan`, wanda ke loda kowanne a inji ya karanta sunansa, kuma yana cin lokaci sosai. Idan ana shakkar ko robon ne ke ƙarya, `mtx -f /dev/sg3 status` daga Linux kai tsaye yana nuna abin da ke kowane gurbi ba tare da Bacula ba. Lambar sg tana iya canzawa bayan an sake kunna na'ura, shi ya sa a fayil na fi son a rubuta sunan da ke ƙarƙashin /dev/tape/by-id, kuma injin kaset a kira shi da sunan da ba ya mayar da zare farko, irin nst0, ba st0 ba.

Da aka sabunta gurabu sai muka ji hannun robo ya motsa, ya ɗauko kaset ya tura a inji. A cikin `messages` an riga an ga layin da ke cewa babu sauran aiki a kan kaset ɗin, an mai da shi Purged, sai kuma na injin ya biyo, `Recycled volume`, da gargaɗin cewa duk abin da ke kai a da ya tafi. Har zuwa daƙiƙar da wannan layi na ƙarshe ya fito, bayanan suna nan a kan zaren. Cirewa daga kundi ba ta goge komai a jikin kaset. Saboda haka wanda ya yi `purge` bisa kuskure, abin da zai fara yi shi ne ya fitar da kaset ɗin daga robo, ya tura ɗan jan makullin hana rubutu, sannan ya zauna da `bscan` ya sake gina rijistar daga abin da ke kan zaren. Aiki ne na awoyi, amma ana samun komai.

Da a nan muka tsaya da matsalar ta dawo da wata fuska, domin lissafin kwanakin bai fita ba. Rukunin ba shi da abin da ke rufe kaset, sai ya cika da kansa. Cikakken kwafinmu da ƙarin mako ba su cika kaset guda ba, don haka kwafin Asabar mai zuwa yana farawa a wutsiyar wannan ya ƙarasa a kan na gaba. Kowane mako yana raba ƙafa a kan kaset biyu, in aka sake amfani da ɗaya an gutsure rabin cikakken kwafin da ke kan ɗayan. A rukunin Wata kuma abin ya fi muni: kaset yana zaune da Append, kuma mai Append ba a taɓa cire ayyukansa saboda wa'adin kaset, kowane sabon rubutu ma yana tura ranar farkon ƙidaya gaba, tunda daga rubutu na ƙarshe ake ƙirgawa, ba na farko ba.

Abin da na sa shi ne `Volume Use Duration = 156 hours`, kwana shida da rabi. Ana fara ƙirga shi daga rubutun farko, Asabar ƙarfe 22. Aikin Juma'a da kwafin kundin da ke biye da shi suna faɗowa a cikin kwana shida da ƴan awoyi, suna shiga. Aikin Asabar ta gaba yana zuwa a kwana bakwai, ya tarar lokaci ya wuce, ya mai da kaset ɗin Used, ya nemi wani. Kada a yi mamakin ganin Append da safiyar Asabar bayan awa 156 sun cika, Bacula ba ya canza matsayin sai wani aiki ya zo ya taɓa kaset ɗin. Akwai kuma abin lura: in cikakken kwafi ya makara, misali ya kwana biyu yana jira bai fara rubutu ba sai Litinin, to ƙidayar daga Litinin ta fara, kuma Asabar mai zuwa za ta tarar da kaset ɗin a buɗe ta hau kansa. A irin wannan mako da hannu ake rufewa ran Asabar da rana, da `update volume=` sunan kaset `volstatus=Used`.

Yanzu wa'adin. Ɗauki Asabar ta farko a matsayin rana ta 0. Rubutu na ƙarshe a kan kaset na ɗaya ran Juma'a ne, rana ta 6. Da kaset biyar, za a sake buƙatarsa a rana ta 35. Tsakanin 6 da 35 kwana 29 ne, wa'adi kuwa 30. Kwana ɗaya tak ya rage, amma Bacula ba ya ragi, zai tsaya ya jira, kuma Asabar ce da dare ba kowa a biro. Wanda ya rubuta wata ɗaya ya ƙirga ne daga ranar da aka fara kaset, yana ganin mako biyar sun ishi kwana 30 har da saura. Na mai da shi `27 days`, daƙiƙa 2,332,800, don a bar sarari in aikin Juma'a ya ja har asuba. Mai kaset huɗu tazararsa kwana 22 ce, kada ya wuce 20 ko 21. In shugabannin wurin sun dage sai an riƙe kwana 30 cur, amsar ita ce a sayi kaset na shida, ba wata dabara a fayil da za ta maye shi. Bayan wannan canji ma sai da aka sake bin matakan ukun nan na sabunta rukuni da kaset.

Za a ga wasu na ba da shawarar a sa `Purge Oldest Volume = yes` a huta. Ni ban yarda da shi ba a kan kaset na aiki. Yana ɗaukar mafi tsufa ya share ba tare da duban wa'adi ba, kuma ranar da wani ya jibga manyan fayiloli har kwafin dare ɗaya ya ci kaset uku, zai cinye makonnin baya ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya sani. `Recycle Oldest Volume` ya fi shi hankali don yana mutunta wa'adi. Abin da ya fi duka shi ne a ajiye kaset ɗaya a rukunin Scratch, in an matsu Bacula ya jawo shi, mai kula kuma ya gani a saƙo ya san lissafi ya fara ƙurewa.

Sauran abubuwan da ke tsayar da juyawa a garin nan yawanci daga wuta da zafi suke fitowa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 kuma wuta ke yawan ɗaukewa, in batirin ondilar ya gaji bai riƙe har gurup ya tashi ba, inji yana mutuwa a tsakiyar rubutu. Da an dawo, Bacula yana zuwa ƙarshen zaren ya ƙirga alamomin fayil ya gwada da kundi. In na kan zare sun gaza na kundi sai ya rubuta `The number of files mismatch` ya sa wa kaset ɗin Error. Mai Error kuwa ya fita daga zagaye, ba a rubutu a kansa, ba a cire ayyukansa, ko shekara zai yi. Kaset biyar sun zama huɗu, wa'adin kwana 27 ya daina fita, bayan mako uku ko huɗu sai a ga aiki ya tsaya a rasa dalili. In an tabbatar daga ɗaukewar wuta ne, ba lalacewar zare ba, ana mai da shi Used, kada a mai da shi Append, a sake tayar da aikin daren da ya katse. Haka zai zauna har wa'adinsa ya cika ya koma layi. In kuwa kaset ɗaya ne ke ta faɗawa Error ba tare da wuta ta ɗauke ba, a fitar da shi a sa wani.

Agogo ma yana da nasa. Ƙaramin batirin CR2032 da ke kan allon uwar garke in ya mutu, duk lokacin da wuta ta yanke gaba ɗaya na'urar tana tashi da tsohuwar shekara. Muddin agogo na baya, babu wa'adin da zai cika. Mafi haɗari kuma, aikin da ya gudana a wannan hali yana rubuta tsohuwar shekarar a matsayin ranar rubutu ta ƙarshe, da an gyara agogo sai kaset ɗin jiya ya zama kamar ya shekara da shekaru, shi za a fara ɗauka a sake rubutu a kai. Ina duba `timedatectl` in tabbatar yankin lokaci Africa/Niamey ne kuma ana daidaitawa da intanet, sannan bayan kowace doguwar yankewa ina bin ranakun da ke cikin `list volumes` da ido.

Jan makullin hana rubutu yana da sauƙin mantawa, musamman a kaset ɗin da aka kai ajiya wani gini aka dawo da shi. Ana `unmount` a bconsole don Bacula ya saki injin, a loda kaset ɗin, a buga `mt -f /dev/nst0 status`. In WR_PROT ya fito, makullin ne. A lura kuma wajen saye: kaset na LTO-6 na yau da kullum lambarsa da L6 take ƙarewa, mai ƙarewa da LW irin wanda ake rubutu sau ɗaya ne, mai launi biyu, ba a taɓa sake rubutu a kansa ko me aka sa a fayil. Kaset ɗin gogewa kuwa a rubuta `Cleaning Prefix = "CLN"` a rukuni don kada a ɗauke shi a matsayin na bayanai. Kusan sau 50 yake aiki, kuma sai inji ya nema ake sa shi, ko da hunturu ne ƙura ta cika gari. Kaset ɗin da ya sha rana a cikin mota ba a tura shi inji kai tsaye, ana barinsa ya kwana a ɗakin mai kilim.

Akwai wa'adi biyu da ba na kaset ba waɗanda suka shafi rukunin Wata. A sashen kowace kwamfutar da ake kwafa, in ba a rubuta komai ba, sunayen fayiloli kwana 60 suke yi a kundi, tarihin ayyuka kuma kwana 180. Kaset ɗin Wata zai iya zama shekara lafiya lau, amma in aka zo neman fayil ɗaya na wata biyar baya, ba za a iya zaɓarsa da suna ba, sai dai a dawo da aikin gaba ɗaya. Tun daga fitowa ta 5.0 ana iya rubuta `File Retention` da `Job Retention` a cikin rukuni, don haka a Wata na daidaita su da wa'adin kaset, na kuma ƙara wa PostgreSQL wuri a faifai tunda kundin zai yi nauyi.

Ba sai an jira mako biyar ba kafin a san ko tsarin juyawa na aiki. Na buɗe wani ƙaramin rukuni na gwaji a kan faifan uwar garke, na sa `Maximum Volumes = 3`, `Maximum Volume Jobs = 1`, `Volume Retention = 10 minutes`, da `Label Format` don ya riƙa yi wa kansa suna. Aiki uku a jere suka cika gurabun uku, kowanne ya koma Used. Na huɗu da aka tayar nan take ya tsaya da saƙon nan na rashin wurin rubutu, da minti goma suka wuce aka buga `mount` ya ɗauki na farko ya sake rubutu a kai. Matashin ya maimaita gwajin da kansa, ya canza wa'adi a fayil bai sabunta kaset ba don ya ga lambar kundi ta ƙi motsi, sannan ya sabunta ya ga ta canza. Daga nan muka ɗauko fayil ɗaya daga mafi tsufan kaset ɗin da ya rage a Mako da `restore`, muka sauke shi a wani wuri dabam, muka gwada shi da na asali da `sha256sum`, lambobin suka zo ɗaya.